Yarinyar da Ta Daina Fashin Salla

Ƙarfe goma da rabi na safe, ranar wata Laraba, mu huɗu ne a ofishin shugabar makaranta. Shugaba tana bayan teburinta. Malam Garba, manomin albasa daga wani ƙauye bayan Kebbe, yana kan benci. An aika masa ya zo, ya taho bisa babur bai ko karya kumallo ba. Ɗiyarsa Luba, 'yar aji huɗu, mai shekara goma sha biyar, tana durƙushe kusa da ƙofa. Sai ni, metiron, a tsaye. Bisa teburin akwai ƙullin leda da ƙwayoyin tiramol a ciki, waɗanda aka samu cikin matashin kan Luba. Maganar ƙwaya ita ce ƙarama. Babbar ita ce wadda ɗalibai suka daɗe suna raɗawa: wai Luba ciki gare ta. Ko wace daga cikin biyun ta tabbata, karatunta ya ƙare a ranar.

Ku 'yan matan da kuke fitowa daga makarantar koyon aikin lafiya, ana turo ku makarantun kwana, na sha jin kuna cewa aikin metiron kaɗa ƙararrawa ne da raba farasitamol. Sai kun ji yadda ake aikin tukuna za ku gane abin da ya faru a ofishin nan.

Karatuna firamare ne, sai 'yan watanni da na yi a asibitin sha-ka-tafi na Dogon Daji ina wanke miki da naɗa bandeji. Daga nan aka kawo ni makarantar 'yan mata ta kwana a ƙasar Tambuwal, ƙarƙashin Gwaggo Tumba, tsohuwar metiron. Ranar farko ba ta ba ni makulli ba, ba ta nuna mini akwatin magani ba. Ta tsayar da ni bakin ƙofar ɗakin kwana lokacin da yara ke fita alwala, ta ce in duba. Da suka gama wucewa ta ce, "Mi kig gani?"

Na ce, "Yara na gani, Gwaggo."

Ta ce, "Awaki ma sun ga yara. Komo gobe."

Haka na yi ta komawa har idona ya buɗe. Na fara ganin wadda ke tafiya da hannu a ƙugu, da wadda ta fito ba buta, da wadda ke sosa kai, da wadda ta rame a wuya alhali fuska na nan. Sannan Gwaggo ta ba ni tsarin aikin, kuma ban taɓa sauya shi ba. Da farko ki duba. Na biyu ki tambaya. Na uku ki taɓa. Magani shi ne na huɗu, in abin naki ne. In ba naki ba ne, ki kai inda aka fi ki sani. Hukunci kuwa ba ya cikin lissafin, domin ba aikin metiron ba ne.

Kayan aikin ba su da yawa: makullai, tocila, ma'aunin zafin jiki, tukunyar ruwan zafi, gishiri da sukari don mai zawo, da tsummoki masu tsabta. Amma wanda ya fi duka amfani shi ne tabarma da faifan gyaɗa. Yarinya ba ta faɗin gaskiyar jikinta tana tsaye gabanki, ido cikin ido. Kunya ba ta bari. Sai ki shimfiɗa tabarma ki zauna gefenta, ku fuskanci wuri ɗaya, ki ajiye gyaɗa a tsakani kuna ɓara. In hannu yana aiki, baki yakan saki.

Wata safiya na samu wata 'yar aji ɗaya, 'yar Jabo, ta raba kayan akwatinta duka ga ƙawayenta: sabulu, gwangwanin madara, har takalmin ziyara. Na zaunar da ita. Ashe jini ta gani a jikinta karo na farko, ta ɗauka ajali ne ya zo, shi ya sa take rabon gado da kanta. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai wannan abin a duniya. Ba ita kaɗai ba ce. Yawancin yaran da ake kawo mana, an saya musu bokiti da gidan sauro, amma wannan magana ba a yi musu ita ba. Saboda haka duk Alhamis da yamma nakan tara su a ɗakin cin abinci in koya musu tsabta: yadda ake ƙunzugu, yadda ake wanke shi, da shanya shi a rana ba ƙarƙashin katifa ba, da yadda ake wankan tsarki. Sukan sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya. Tambaya kuwa ba mai yi.

Akwai kuma ma'aunin da duk metiron take dubawa, wato fashin salla. In an yi kiran salla, masu al'ada ba sa zuwa masallaci, sukan zauna a barandar ɗakin kwana. Ba sai an tambayi kowa ba. Baranda ce ke faɗin wadda ta girma da wadda ba ta kai ba, da wadda watanta ya zo daidai. Ni ina duba barandar nan. Ɗalibai ma suna dubawa, kuma sun fi ni iya ƙirga wa junansu.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce shekarar da ƙwaya ta shigo. Ranar ziyara ake kawo ta cikin ƙullin ƙuli-ƙuli, ko a ɗinke cikin gefen hijabi. Wasu ta kan katanga ake jefo musu. Maganin tari kuma a juye shi cikin kwalbar lemo, yarinya ta zauna gabanki tana kurɓa. Na koyi sansanar kwalba, na koyi duba ƙwayar ido da sauraren harshen da ya yi nauyi. Wata ta faɗi ana cikin jarrabawa tana jijjiga, kumfa a baki; ƙawayenta suka ce iskoki ne, ashe tiramol ta haɗiya don kada ta yi barci wajen karatu. Da ƙyar aka ceto ta. Bayan wannan ne kwamitin makaranta ya kafa doka: duk wadda aka kama da ƙwaya, gida. Ni ce nake raka su bakin ƙofa da akwatunansu, kuma a shekarar na raka da dama.

A cikin wannan shekara ce maganar Luba ta taso. Yarinya ce marar hayaniya, gwanar lissafi. Tun tana aji biyu take zama a baranda duk wata tare da tsararrakinta. Da aka dawo hutun ƙaramar salla sai ta daina. Wata ya wuce, wani ya bi, Luba tana sahu kullum. Sai siket ya ƙi rufuwa. Sai tafiya a duƙe, da yawan zuwa fitsari. Wata huɗu ba fashi, ga mara ta tasa: ko ni abin da idona ya gaya mini ke nan. Ina shirin kiran ta aka yi binciken ɗakuna, aka samu ƙwayar. Shugabar ɗakinsu ta haɗa da ɗaya maganar ta kai ofis.

Shugaba ta yi wa Malam Garba bayani a natse, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ya juya ga ɗiyarsa.

"Luba, ƙwayag ga taki ce?"

"Tawa ce, Baba."

"Ɗaya zancen hwa?"

Ta sunkuyar da kai. Ya jira, ya sake tambaya, ba ta ɗago ba. Ya gyara hularsa ya ce, "Hajiya, ku ba ni ita mu tahi. Ba sai an ja zance ba."

Na ce, "Ranki ya daɗe, a ba ni ita zuwa azahar. An duba, amma ba a tambaya ba."

Shugaba ta ce, "Ɗauke ta, Inna. Ni ma ba na son in yanke abin da ban tabbatar ba. Malam, a kawo maka abin karyawa."

A ɗakina na shimfiɗa tabarma, na ajiye faifan gyaɗa. Tambaya daga nesa ake faro ta. Na tambaye ta abinci, na tambaye ta barci. Sannan na ce ina ke ciwo. Ta nuna mara da ƙugu. Na ce wa ya ba ta ƙwaya. Ta faɗi sunan wata da aka riga aka kora.

"Rabin ƙwaya nika sha, Inna. Sai in ciwon ya taso, don in samu in shiga aji."

"Yaushe yake tasowa?"

"Duk wata."

"Tun yaushe?"

"Tun aji biyu. Bana ne ya yi tsanani."

"To yaushe rabonki da ganin jini?"

Ta ɓare gyaɗa ta kai goma kafin ta yi magana. "Inna, ni ban taɓa ganinai ba."

Na ce ta sake faɗi. Ta sake. Na ce, to baranda fa?

Ta ba ni labarin daki-daki. A aji biyu 'yan ɗakinsu duka sun fara, saura ita. Suka sa mata suna Ƙwaila, in ana hira a ce ta tashi, ba zancen yara ba ne. Rannan da marar ta murɗa sai ta zauna a baranda, aka yi mata guɗa. Daga nan duk watan da ciwon ya zo sai ta yi fashi. Har ƙunzugu take wankewa ta shanya, tsumman da ba abin da ya taɓa shi. Shekara biyu tana haka. Da azumin bana, a gida, ta ji malami yana wa'azi kan mai barin salla da gangan. Ta dawo makaranta ta shiga sahu, ta kuma fara ramuwa a ɓoye bayan sito, lokacin hutun rana.

Na ce, "Ba ki san ana ƙirga miki ba?"

"Na sani."

"Kin san abin da za a ce?"

"Na sani, Inna. Tun watan hwarko nij ji ana hwaɗi. Na ga gara su hwaɗi, da in ƙara barin salla ko ɗaya."

"Me ya hana ki faɗa a ofis?"

"Gaban Baba?"

"Innarki fa, ba ki taɓa gaya mata ba?"

"Ni ce ta fari. Ko sunana ba ta kira."

Na ga yara iri-iri a aikin nan, masu ƙarya don su tsira, da masu kuka don a tausaya musu. Ban taɓa ganin 'yar shekara goma sha biyar da ta zaɓi a ɓata mata suna a makaranta duka, ta yi wata huɗu tana jin raɗa a bayanta, saboda abin da ke tsakaninta da Ubangijinta ba. Na ajiye faifan na ce ta kwanta. Na taɓa marar. Abu ne mai tauri, kamar an kifa ƙaramar ƙwarya, ya kusa cibiya. Ban san ko mene ne ba. Abin da na sani shi ne ba nawa ba ne.

Kafin azahar mun je asibitin gari, ni da ita da ubanta. Aka gwada fitsari, aka ce ba ciki. Aka ce a kai ta Sakkwato a ɗauki hoton marar. A gindin bishiyar da ke bakin asibiti na yi wa Malam Garba bayani iya abin da ya kamata uba ya ji. Ya yi hamdala ya fi a ƙirga. Sai kuma ya ɗauko wata.

"To in haka na, ai angurya ce. Uwata ta san wanzamin da ka wanga aiki can wajenmu. Yanzu-yanzu ya kan yanke, ba sai an tahi Sakkwato ba."

Na san wannan yankan na angurya, wato tsiron da ake cewa yana toshe gaban mace. Na taɓa karɓar yarinyar da ta dawo hutu tana yoyon fitsari saboda shi, kuma ba ta ƙara zama aji ba.

Na ce, "Malam Garba, wanzamin nan yana ganin abin da ke ciki kafin ya sa aska?"

"Ba shi gani. Hannu dai gare shi."

"To akwai inda ake gani. Mu je a gani. In ka gani da idonka, ɗiyarka ce, sai ka yanke shawara."

"Albasata hwa tana son ban-ruwa."

"Ba ka da ƙane?"

"Ina da shi. Rago na dai."

"Yau sai ya yi zuciya."

Ya yi 'yar dariya, ta farko tun safe, ya je neman inda zai ajiye babur.

Washegari a Sakkwato wata likita ce ta duba ta, yarinya ƙarama da ba ta wuce sa'ar ɗiyata ba. Ta shafa wa marar wani mai, ta ɗora na'ura, ta juyo da allon wajenmu. Ta nuna wani baƙin wuri mai faɗi ta ce jini ne. Ta ce Luba ta daɗe da girma, al'adarta tana zuwa kowane wata kamar ta kowace mace, amma an halicce ta da wata 'yar fata da ta rufe hanya, shi ne yake taruwa a ciki yana danne mafitsara. Ta ce aikin ƙarami ne in an yi shi a inda ya kamata, amma wanda ya yanka a makance zai iya huda mafitsarar. Malam Garba ya daɗe yana kallon allon. Bai ƙara ambaton wanzami ba.

Luba ce ta yi tambaya, muryarta can ƙasa. "Likita, ranakun da ciwon ka zuwa, su ne ranakun?"

Likita ta ce su ne.

Ku duba ikon Allah. Kwanakin da yarinyar nan ta zauna a baranda tana ganin ƙarya take yi, su ne ainihin kwanakinta. Jikinta ya san lokacinsa, ya kira ta da ciwo, ta amsa ba tare da ta sani ba. Hukuncin sallolin ba nawa ba ne, ba na likita ba ne; na ce ta tambayi malamai. Ita dai ba ta fasa ramuwarta ba.

Da aka yi aikin, ma'aikaciyar jinya ta kira ni ta nuna mini abin da ya fita a cikin wani kwano. Baƙi ne, mai kauri, ya kusa cika kwanon. Wannan ne yarinya take ɗauke da shi tana shiga aji, tana ɗiban ruwa, tana ruku'u da sujada. Na wanke miki iri-iri a rayuwata, amma a gaban kwanon nan tasbihi kawai na iya yi. Kashegari marar ta kwanta kamar ba a taɓa yin komai ba.

Shugaba ta kai maganar gaban kwamiti tare da bayanin likita. Aka mayar da korar dakatarwa ta mako biyu, domin dai ƙwaya an same ta da ita, kuma doka doka ce. Luba ta yi jinya a gida ta dawo. A nan muka ga ba a gama ba. An tafi da yarinya Sakkwato da ciki a gaba, an dawo da ita ba shi. Kafin ta ajiye akwati zancen ya zagaye ɗakuna: an je an zubar. A wurin cin abinci aka bar mata benci ita kaɗai. Labari ya kai ƙauyensu, Malam Garba ya aiko cewa in haka ne zai zo ya ɗauke ta.

Shugaba ta ce za ta yi magana gaban ɗalibai. Na ce sirrin jikin yarinya ne, ba mu da ikon buɗe shi sai da yardarta. Muka kira Luba. Ta saurare mu ta ce, "In ku kunka hwaɗi, za a ce rufa mini asiri kuka yi. Ku bar ni in hwaɗi da bakina."

Ranar Alhamis ɗakin cin abinci ya cika. Na gama darasina na ce akwai mai magana. Luba ta tashi ta tsaya inda nake tsayawa. Ta fara daga aji biyu, daga sunan da suka sa mata, ta bi ta kan baranda da tsumman da take shanyawa, da wa'azin azumi, da ƙwaya, da allon likita. Ta kira haila da sunanta, abin da ni kaina nakan kewaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta zargi kowa ba.

Wata 'yar aji shida daga gefe ta ce, "Wa ya gani?"

Luba ta ce, "Inna Metiron ta ga kwanon. In kina so ta kwatanta miki kafin a kawo tuwo."

Aka yi dariya, mai tambayar ta ja hijabi ta rufe fuska. Can baya wata 'yar aji uku ta ɗaga hannu. Shekaru ina wannan darasi, hannun farko ke nan da na ga an ɗaga.

"Inna, in mutum ya kai sha huɗu bai fara ba, ciwo ne?"

Na ce ba lallai ba ne, kowa da lokacinsa; amma in ana ciwon mara duk wata ba a ganin komai, ko shekaru sun ja, a zo a faɗa. Wani hannun ya tashi, wani ya bi. Har aka kira magariba ba mu gama ba. A makon nan yara uku suka zo ɗakina suka ce su ma zaman baranda kawai suke yi, ba su fara ba. Wasu biyu suka kawo ƙwayoyinsu da hannunsu, suka ce don ciwon mara suke sha, ba su san akwai maganin da ya dace ba. Na aika wa Malam Garba cewa ya bar babur ɗinsa inda yake. Luba ta gama aji shida a makarantar, kuma a kan bencin da kowa ke zama ta ci sauran tuwonta.

Ga roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, uwa ko uba ko ma'aikaciya. In akwai yarinya a hannunka da ta kusa shekara goma sha biyu, kada a kai ta makarantar kwana, kada ma a bari wata ya sake kamawa, sai wata mace ta zauna da ita ta gaya mata abin da zai zo, da abin da za ta yi in ya zo, da wanda za ta gaya wa in bai zo ba. In kunya ta hana ki, ba laifi, al'ada ce. Ki nemo gwaggonta ko yayarta. Amma ki ambaci sunan matar yau, ki aika a kira ta.